Rayuwa Mai Amfani Bayan Likita Ya Ce Ciwon Daji Ba Zai Warke Ba

Gabatarwa

A Kabo ko Garo ko Getso, wanda ƙari ya fito masa a jiki yakan fara da kemis da maganin gida. In abin ya ƙi, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo, daga can a tura shi Kano, ko Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wasu a ƙara tura su Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Bayan an sha gwaje-gwaje an kashe kuɗi, wata rana likita ya ja ɗan mara lafiyar ko mijinta gefe, ya ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, ba a sa ran warkewa. Sai a shiga mota a kamo hanyar Gwarzo, ba mai cewa uffan.

Iyalai da yawa sukan ɗauka cewa da wannan magana komai ya ƙare. A shimfiɗa wa mutum tabarma a ɗaki, a daina shawara da shi, a zauna jiran ranar. Ta haka watanni masu daraja sukan wuce cikin azabar da take da magani, gona da bashi da 'ya'ya kuma a bar su ba tsari. Wannan bayani domin mara lafiya ne, da masu jinyarsa, da fastoci da dattawa da Zumuntar Mata. Abin da yake so ya nuna shi ne, kwanakin da suka rage wa mai ciwon ajali kwanakin rayuwa ne, akwai aiki a cikinsu, akwai kuma hanyoyin da za a taimake shi ya yi aikin.

Abin da maganar likita take nufi

Ciwon daji, wanda ake kuma kira kansa ko sankara, yana farawa ne sa'ad da wasu ƙwayoyin halittar jiki suka shiga hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari. In an gano shi da wuri, sau da yawa tiyata ko magani ko gashi da na'ura suna iya kawar da shi. In ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa, likitoci sukan ce ya kai mataki na huɗu. A wannan mataki yawancin ire-irensa ba sa warkewa, sai dai a rage musu gudu.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa a Nijeriya mutane kusan 128,000 suka kamu da ciwon daji a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka mutu. Waɗanda suka fi yawa su ne na mama, na mafitsarar maza, da na bakin mahaifa. Babban dalilin yawan mutuwar shi ne zuwa asibiti a makare. A ƙasar Hausa akwai tsohon zance cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan zance ya hana mutane da yawa zuwa wurin likita a lokacin da za a iya cetonsu.

Abubuwa uku ya kamata iyali su riƙe. Na ɗaya, ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya ko wanke gyambo, don haka babu dalilin ware wa mara lafiya kwano. Na biyu, in likita ya ambaci watanni, ƙiyasi yake yi daga abin da aka gani ga mutane da yawa. Wani bai kai adadin ba, wani ya wuce shi nesa. Masu ciwon daji na mama ko na mafitsara, ko da ya bazu, wasu sukan yi shekaru suna shan maganin da ke danne shi. Na uku, kafin a sayar da gona ko shanun noma domin wani sabon magani, a tambayi likita kai tsaye: wannan magani zai warkar ne, ko zai ƙara lokaci ne, ko zai rage zafi ne? Amsar ita za ta nuna ko ya cancanci a bar marayu ba gona dominsa. A kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya game da asusun tallafi da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 domin masu ciwon daji na mama da bakin mahaifa da mafitsara, wanda asibitin Shika yana cikin asibitocin da aka fara da su.

Kulawar sauƙaƙa wahala

Akwai reshe guda na aikin likita wanda aikinsa ke nan, kula da mutumin da cutarsa ba za ta warke ba. Wadda ta kafa shi a zamanin nan wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders. Ta yi aikin nas, ta yi aikin walwalar jama'a, daga baya ta karanta likitanci. Mai bi ce, bangaskiyarta kuwa ita ta tura ta ga wannan aiki. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan domin masu ciwon ajali. Ta koyar da cewa wahalar mai mutuwa ta haɗa zafin jiki, da tsoro, da damuwar iyali da kuɗi, da tambayoyin da yake yi wa Allah, kuma in an yi maganin ɗaya an bar sauran, mutumin bai huta ba. Ita ma ciwon daji ne ya yi ajalinta a 2005, a cikin gidan da ta gina.

A Afirka, gidan farko irin wannan an kafa shi a Harare ta Zimbabuwe a 1979. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta yi aikin mishan a Nijeriya tun tana matashiya, ta fara irin wannan aiki a Yuganda, inda ta yaɗa ruwan mofin mai arha wanda ake sha a gida. A Nijeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka buɗe hanya a asibitin koyarwa na Ibadan. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan kulawa tilas ta zama sashe na aikin lafiya a kowace ƙasa.

Karɓar wannan kulawa bai zama miƙa wuya ba. A 2010 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka a kan mutane 151 masu ciwon daji na huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu kulawar sauƙaƙa wahala tun farko sun fi jin daɗin kwanakinsu, baƙin cikinsu ya fi sauƙi, tsawon rayuwarsu kuma a tsaka-tsaki ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.

Ikkilisiya a ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a lardin Kano, aikin da aka san Yadakunya da shi, tun ba a samu maganin da ke kashe ƙwayar cutar ba. Wanke gyambo da ciyarwa da zama da wanda kowa ya guje shi, da su aka san masu bi na farko a wannan ƙasa.

Zafin ciwo yana da magani

Mutumin da zafi ya hana barci ba ya iya addu'a da natsuwa, ba ya iya rabon gado, ba ya iya hira da jikoki. Shi ya sa maganin zafi ne matakin farko. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku. Ƙaramin zafi, farasitamol da makamantansa. Matsakaici, a ƙara magani irin su kodin ko tiramadol. Mai tsanani, mofin. Da wannan tsari ana iya kwantar da zafin mafi yawan masu ciwon daji.

Ƙa'idarsa ita ce a sha ta baki, a kuma sha a kan lokaci, kada a jira sai zafin ya taso. Ruwan mofin yawanci duk bayan awa huɗu ake shansa. A kwanakin farko yakan sa gyangyaɗi ko tashin zuciya, sannan jiki ya saba. Yana ɗaure ciki kusan ga kowa, saboda haka a roƙi likita ya haɗa da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko.

A Kano mutane suna tsoron waɗannan magunguna, da dalili kuwa. Kowa ya ga yadda kodin da tiramol suka lalata samari da matan aure, har Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma shan mofin a hannun likita domin zafin ciwon daji dabam yake da shaye-shaye. In an bi awon da aka rubuta, ba ya gaggauta mutuwa, ba ya kuma mai da mara lafiya ɗan ƙwaya. Ba zunubi ba ne mai bi ya sha. Abin kiyayewa shi ne a karɓo shi daga asibiti da takardar likita, a kulle shi inda yara da samari ba za su kai ba, kada a ba wani, kada kuma a ƙara awo ba da sanin likita ba. A yi hankali da tara ƙwayoyin kemis irin su diklofenak da ibufurofen, domin yawansu yana ƙona ciki yana lalata ƙoda. In zafin a ƙashi yake, ko ƙarin yana zubar da jini, gashi da na'ura sau ɗaya ko kaɗan yakan kawo sauƙi sosai, ko da ba a neman warkewa.

Jinya a gida

Yawancin mutanenmu a gida suke so su ƙarasa kwanakinsu, a gida kuma aka fi iya kula da su in an san abin yi.

Abinci: ciwon daji da ya yi nisa yana kashe sha'awar abinci, ramar kuma ba laifin mai girki ba ce. Kada a yi masa ɗure ko faɗa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, abin da ransa yake so, kunu ko koko ko fura mai laushi ko romo. Ba wani abincin da ke warkar da ciwon daji, kuma hana shi nama ko sukari bisa jita-jita ƙarin wahala ne kawai.

Kwanciya: wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa biyu, a sa masa shimfiɗa mai taushi, a bar jikinsa a bushe, domin kada gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige.

Baki: a riƙa goge shi da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri kaɗan, a shafa man kaɗanya a leɓe.

Gyambo mai wari: wari shi ne abin da ya fi korar baƙi, ya fi kuma sa mara lafiya jin kunya, musamman mata masu ciwon mama. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri. Ma'aikatan lafiya sukan niƙa ƙwayar Flagyl su barbaɗa a kai, warin kuwa yakan ragu cikin 'yan kwanaki. A nemi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi. Kada a bari a yi masa sakiya ko tsaga.

Alamomin da ba a jira da su: ƙafafu su mutu farat ɗaya, fitsari ya tsaya, jini ya ɓalle, amai ya ƙi tsayawa, numfashi ya sarƙe, ko zafi ya fi ƙarfin magani. In an ga ɗaya daga cikinsu, a nufi asibiti nan take. Yana da kyau iyali su riƙe lambar wayar ma'aikacin lafiya guda da ta mai mota guda tun kafin dare ya same su.

A faɗa masa ko a ɓoye?

A al'adarmu ana ganin tausayi ne a ɓoye wa mara lafiya. Kowa ya shigo ya ce jiki ya yi kyau, shi kuma ya ce da sauƙi. Amma mai jiki ya fi kowa sanin jikinsa. Sau da yawa ya riga ya gane, yana yin shiru ne don kada ya tayar wa iyali hankali, su ma suna yin shiru dominsa. Ƙarshenta kowa yana kukansa shi kaɗai.

Hanya mafi kyau ita ce a tambaye shi: me ka fahimta game da ciwon nan, kana so a gaya maka duk abin da likita ya ce? In ya ce yana so, wanda ya fi yarda da shi ya gaya masa, a keɓe, a hankali, a kuma bar shi ya yi kuka ko ya yi shiru. In ya ce ba ya so, a girmama shi, a bar ƙofa a buɗe. Abin da bai dace da mai bi ba shi ne ƙarya kai tsaye sa'ad da mutum ya yi tambaya da gaske. Wanda aka ɓoye wa gaskiya an ƙwace masa damar shirya gidansa.

Bayan labarin, musu da fushi da tsoro da baƙin ciki sukan zo su tafi su dawo, ba bisa wani jeri ba. Wannan ba alamar raunin bangaskiya ba ce. Amma in baƙin cikin ya zauna makonni, mutum ya daina magana, ko ya fara zancen kashe kansa, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. A gaya wa likita.

Yara ma a gaya musu daidai hankalinsu, cewa Baba ba shi da lafiya ƙwarai, likita ba zai iya warkar da shi ba, ba laifin kowa ba ne, ga kuma wanda zai kula da su.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Tambayar farko da takan zo wa mai bi ita ce ko wani zunubi ya yi, ko wani ne ya jefe shi. Abokan Ayuba a kan haka suka tsaya, Allah kuwa ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ƙi ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa (Yahaya 9). Zargin maƙwabci ko kishiya ko suruka da sammu yana raba gida a daidai lokacin da mara lafiya ya fi bukatar kowa.

Tambaya ta biyu ita ce ta warkarwa. Muna roƙonta, an ma umarci mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai (Yakubu 5). Sarki Hezekiya, da annabi Ishaya ya gaya masa ya shirya gidansa domin zai mutu, ya yi kuka ya roƙi Allah, aka ƙara masa shekara 15. A cikin labarin nan ma an ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, wato addu'a da magani sun tafi tare (Ishaya 38). Amma Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ke damunsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jimrewa (2 Korantiyawa 12). Ya kuma bar abokin aikinsa Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Elisha, wanda Allah ya ta da matacce ta hannunsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu. Saboda haka duk mai wa'azin da ya ce rashin warkewa rashin bangaskiya ne, ko ya ce a zubar da magani, ko ya sa wa addu'a farashi, ya kauce wa koyarwar Littafi.

Abin lura shi ne yadda waɗannan bayin Allah suka yi da kwanakinsu na ƙarshe. Elisha yana kan gadon ajali ya ɗora hannunsa a kan hannun sarkin Isra'ila ya ba shi saƙon yaƙi (2 Sarakuna 13). Yakubu ya yunƙura ya zauna a bakin gado, ya sa wa 'ya'yansa da jikokinsa albarka ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi inda za a binne shi (Farawa 48 da 49). Bulus yana kurkuku, ya san ƙarshensa ya matso, duk da haka ya aika wa Timoti ya kawo masa mayafinsa da littattafansa (2 Timoti 4). Ubangiji kansa a kan gicciye ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna (Yahaya 19). Begen tashin matattu shi ne ya ba su natsuwar da za su tsaya su gama aikinsu.

Ayyukan da suka rage

Shirya gida. A zauna da mara lafiya tun yana da ƙarfin magana a rubuta abin da yake bi da abin da ake binsa, zubin adashi, gonar da ke jingina ko aro, dabbobin da ke kiwo a hannun wasu. In da hali a zaga iyakar gona da 'ya'ya da mai unguwa. A rubuta wasiyya, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, in an samu lauya ya duba ya fi. Wannan takarda ita takan tsaya wa gwauruwa da 'ya'ya mata ranar da dangi suka zo rabo. A ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye gida ɗaya yakan haɗa Kirista da Musulmi. Ya kamata mara lafiya ya faɗi da bakinsa, a gaban ɓangarorin biyu, yadda yake so a yi jana'izarsa da wanda zai riƙe yaransa, domin kada gawarsa ta zama sanadin gaba tsakanin 'yan'uwa.

Neman gafara da yafewa. Bahaushe ya saba cewa a yafe mini in zai yi doguwar tafiya. Mai ciwon daji yana da abin da wanda hatsarin mota ya ɗauke bai samu ba, wato lokaci. A aika a kira ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a gaisawa saboda gona. In ya ƙi zuwa, a aika masa da saƙo.

Miƙa abin da aka sani. Tsohon manomi ya san irin dawar da ta dace da kowace gona da lokacin da ake shuka ta. Tsohuwa ta san asalin dangi da yadda bishara ta shigo gidansu. Wayar hannu tana ɗaukar murya. A zauna da yamma a yi tambaya a ɗauka, a ajiye wa jikokin da ba a haifa ba. Uwa tana iya barin wa kowane ɗa saƙonsa, wanda za a ba shi ranar aurensa.

Ci gaba da aiki daidai ƙarfi. Wanda ba ya iya riƙe fartanya yana iya zama a inuwa ya nuna wa yara layi. Mai koyar da Makarantar Lahadi tana iya tara yara a tsakar gidanta. Wanda ba ya iya tashi yana iya riƙe sunayen mutanen ikkilisiya yana yi musu addu'a. A riƙa shawara da maigida a kan sayar da hatsi da kuɗin makaranta kamar dā, domin ranar da aka daina tambayarsa ranar ce yake jin an binne shi.

Sa wa kai kusa-kusan buri. Ganin an shigo da amfanin gona, bikin Kirsimeti, baftismar jika. In auren 'ya yana gaba kuma jiki yana raguwa, ba laifi a matso da ranar. A lura da sa'ar da jiki ya fi sauƙi a yini, a ajiye ta domin abin da ya fi muhimmanci.

An ga irin wannan a zamaninmu. Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 tana yaƙi da jabun magunguna, ta halarci Taron Ƙasa a Abuja a 2014 ciwon daji ya riga ya ramar da ita, ta rasu ranar 7 ga Yuni na wannan shekara. Fasto Tim Keller na birnin New York an gano masa ciwon daji da ya bazu a 2020. Ya ci gaba da koyarwa, ya fitar da littafi a kan gafara a 2022, ya rasu a watan Mayu na 2023. Manomin da ya raba gonarsa da adalci ya kuma sulhunta 'ya'yansa kafin ya tafi, aikinsa bai gaza nasu ba.

Aikin ikkilisiya

Doguwar jinya takan gajiyar da jama'a. Makon farko gida cike, wata na uku sai mace ɗaya ko 'ya ɗaya ta rage da wanki da girki da rashin barci. Ga abin da ikkilisiya za ta iya yi ko ba ta da kuɗi da yawa.

Dattawa su sa mutum guda ya riƙe lissafin gidan, ya tsara wanda zai je kowace rana. Zumuntar Mata su karɓi mai jinya kwana ɗaya ko biyu a mako ta samu ta yi barci ta je sujada. Matasa su yi gayya a gonar gidan, shuka da noma da girbi, su kawo itace da ruwa. A ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota zuwa Kano karɓo magani, domin yawancin masu katse shan magani kuɗin mota ne ya katse su. Masu aikin lafiya a cikin ikkilisiya su koya wa iyali wanke gyambo da juya mara lafiya.

Mai zuwa dubiya ya gajarta zama, ya zauna ƙasa daidai da mara lafiya, ya fi sauraro a kan magana. Kada ya kawo labarin wanda irin ciwon ya kashe, kada ya kawo sabon mai magani, kada ya yi alkawarin abin da Allah bai ce ba. Ya tambayi mara lafiya abin da yake so a roƙa masa. Fasto ya kai masa Jibin Ubangiji gida, mawaƙa su je su rera masa waƙoƙin da yake so. Maƙwabta Musulmi da suka zo gaisuwa a karɓe su da mutunci, haka kuma in maƙwabci Musulmi ne yake kwance, gayyar noma da kwanon abinci su isa gidansa.

Kwanakin ƙarshe

In lokaci ya matso, barci yakan yawaita, mutum ya daina ci da sha, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. Wannan ƙara ta fi damun masu ji a kan mai yin ta. A kwantar da shi ta gefe, a jiƙa masa leɓe, kada a ɗura masa ruwa ko kunu domin zai iya shaƙewa. Kada a tsai da maganin zafi, in ba ya iya haɗiya a tambayi ma'aikacin lafiya wata hanyar. A wannan lokaci ɗaukarsa a mota zuwa Kano yawanci wahala ce kawai, sai dai in akwai azabar da aka kasa kwantarwa a gida.

Ana kyautata zaton ji yana cikin abubuwan da suke daɗewa ba su ɗauke ba. Saboda haka kada a yi gardamar gado ko zancen kabari a kansa. A riƙe hannunsa, a kira sunansa, a karanta masa Zabura, a gaya masa an yafe masa, a gaya masa wanda zai riƙe yaran. Bayan an binne shi, wanda dattawa suka sa ya riƙe lissafin gidan kada ya rufe littafinsa. Gwauruwa da marayu za su bukaci gayya a damina mai zuwa, da wadda ke bayanta.